Giwa a Akwatin Talabijin, Gawayi a Ƙofar Guga

Akwai wani shirin talabijin da aka fito da shi a watan Afrilu na 2022, sunansa da Turanci Our Great National Parks, watau manyan gandayen dajinmu na ƙasa. Kashi 5 ne, kowane kashi ya kusa awa ɗaya. Kamfanin Netflix ne ya sa shi, mai ba da labari a ciki kuwa shi ne Barak Obama, tsohon shugaban ƙasar Amurka. Ina so in yi wa masu karatu labarin wannan shiri, da abin da ya tayar mini a rai game da namu dajin na ƙasar Katsina. Wanda bai gani ba kada ya damu, gama abin da zan faɗi ya fi shafar ƙofar gidansa bisa ga akwatin talabijin.

Wani saurayi ne ya kawo mana shirin a unguwarmu ta Ƙofar Guga, muka yi dare biyar muna kallo. 'Ya'yan maƙwabta suka cika ɗaki har bakin ƙofa, ni kuwa aka ɗora mini aikin tafinta. Gaskiya masu ɗaukar hoton nan sun iya aikinsu. A ƙasar Gabon an nuna dorinai sun bar tafki sun shiga teku da dare, igiyar ruwa tana ɗaga su kamar ƙwarya. A kudancin ƙasar Cile an nuna wata irin damisa marar zane tana koya wa 'ya'yanta farauta. A dajin Gunun Lusa na Indunusiya an nuna jan biri mai kama da mutum yana zaune can ƙololuwar itace. Amma wanda ya fi kama yara shi ne kashi na uku, na gandun Tsabo a ƙasar Kenya. Giwayen can jajaye ne, ba don haka aka halicce su ba, sai don suna wanka da jar ƙasar wurin. An kafa gandun Tsabo a 1948, faɗinsa kuwa ya zarce murabba'in kilomita 20,000. Jihar Katsina duka, daga Jibiya har Funtuwa, murabba'in kilomita 24,000 ce da 'yan kai. To, ka ji girman gonar da aka bar wa namun daji.

Abin da ya fara damuna ƙarami ne. Duk dabbar da ta fito, sai yara su yi ihu su kira sunanta da Turanci, yadda suka koya a littafin makaranta. Da aka nuno wata dabba mai kama da barewa na ce, “Wa zai gaya mini sunan danginta da Hausa?” Sai aka yi tsit. Kashegari na gwada 'yan ajina. Na rubuta a allo: gwanki, kanki, mariri, mazo, gwambaza, gada, kyarkeci, tunku, burtu, tuje. Waɗansu suka ce gada ita ce wadda mota take bi a kanta. Wani ya ce burtu shi ne abin da maharbi yake ɗaurawa a ka, bai san cewa tsuntsu ne mai rai ake kwaikwayo ba. Duk sun iya cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ba ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin barewa, balle gudunta. Kura kam sun gan ta, da takunkumi a baki, a hannun gardi ranar kasuwa.

Mu da muke karanta Littafin Farawa mun san cewa a sura ta 2 akwai ayyuka biyu da aka fara danƙa wa mutum, watau kiwon gona da raɗa wa dabbobi suna. Kakanninmu ba su yi sakaci da na biyun ba. Bahaushe bai tara dabbobi masu ƙaho ya kira su da suna ɗaya ba, kowace ya ba ta nata, domin ya san sawunta, da kashinta, da inda take shan ruwa. Harshe ba ya tara sunayen abin da mutanensa ba su gani. Yawan sunayen nan shaida ne cewa dabbobin suna nan kusa.

A dare na uku wata yarinya 'yar maƙwabcinmu ta tambaye ni, “Malam, mu a ƙasarmu ba a ba mu irin wannan dajin ba?” Tambayar nan ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Abin da ke bayan ganuwa a dā

Ƙofar Guga tana cikin tsofaffin ƙofofin birnin Katsina. In ka fita ta nan ka miƙe, hanyar Jibiya ce, daga can sai Maraɗi. Yau gidaje sun tsallake ganuwa sun yi nisa, har baƙo ba zai gane inda birni ya ƙare ba. A dā ba haka ba ne. Wani Bajamushe matafiyi, Henrik Bart, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim, ya iso Katsina a farkon 1851. Ta Tasawa da Gazawa ya biyo, ya ratsa babban daji marar mutane, ya wuce kufan Ɗankama. Ya ƙiyasta kewayen ganuwar Katsina mil 13 zuwa 14, amma ya tarar mafi yawan cikinta fili ne da gonaki. In cikin birni haka yake, yaya bayansa?

Akwai abin lura a nan. Wannan daji ba wata hukuma ce ta keɓe shi ba, yaƙi ne ya haife shi. Bayan jihadi, sarakunan Haɓe da suka koma Maraɗi da sarakunan Fulani na Katsina sun yi shekaru da yawa suna kai wa juna hari. Mutanen ƙauyukan da ke tsakani suka gudu, gonaki suka koma sauruka, sauruka suka koma kurmi, namun daji suka yi ta hayayyafa. Dajin Rugu da ke yamma da mu haka ya yi ƙarfi. Da aka sami zaman lafiya a farkon ƙarni na 20, sai mutane suka koma da gatari da fartanya. Ba laifi suka yi ba, abinci suke nema. Gyaɗa ta zo, auduga ta zo, jama'a ta yi ta ƙaruwa, bindiga ta maye gurbin baka. Wani dattijo mutumin ƙasar Batsari, wanda haɗarin ƙauye ya koro shi ya zauna kusa da mu, ya ce mini, “Ɗana, muna yara ba a aiken yaro rafi da magariba saboda kura. Yanzu ma ba a aikensa, amma kurar ta yanzu ƙafa biyu gare ta.”

In kana so ka ga abin da ya rage na dajin, ba sai ka je ko'ina ba. Ka tsaya bakin ƙofar nan da sassafe, dajin zai zo ya wuce ta gabanka. Ga itacen girki a amalanken shanu da a bayan mota, ga buhunan gawayi an ɗinke bakinsu da igiya. Mai ido zai gane marke, ya gane ƙirya, har wani lokaci ya ga guntun kaɗanya, itacen da iyayenmu ba su sa masa gatari. Ni ma a gidana da gawayin nan ake dafa tuwo in gas ya ƙare, gama albashin malami ba ya cika tukunyar gas kowane wata. Saboda haka ba zan tsaya nan in zagi mai gatari ba. Ka kuma ɗaga kai ka dubi sama. Muna yara ungulaye suna jere a kan katangar mahauta kamar masu zaman makoki. Yaushe rabonka da ganin ko ɗaya? A 2015 masana suka sa irin ungulun nan tamu cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a duniya. Guba ta kashe waɗansu, masu neman kawunansu don tsibbu suka ƙarasa saura.

Abin da shirin bai nuna ba

A dare biyar ɗin nan mun ga giwa, mun ga kifi mai girman gida, mun ga tsuntsaye iri iri. Abin da ba mu gani sosai ba shi ne mutane. An nuna daji fes, kamar tun ranar halitta ba wanda ya taɓa kafa bukka a ciki. Wannan kuwa rabin labari ne.

Gandun Yaloston na Amurka, wanda aka kafa ran 1 ga Maris 1872, shi ake kira na fari a duniya. Akwai jajayen mutane 'yan asalin ƙasar da suke zaune suna farauta a wurin tun kaka da kakanni, aka fitar da su, daga 1886 kuma aka sa soja suka yi shekaru kimanin 30 suna tsaron wurin. A Tsabo ɗin da yara suka yi ta tafi dominsa, akwai wata ƙabila ta maharba da ake kira Wata, masu harbin giwa da dogon baka. Dare ɗaya doka ta mai da sana'ar ubanninsu sata. A Serengeti ta Tanzaniya an tashi makiyayan Masai a 1959. Ban faɗi wannan don in ɓata aikin ba. Da ba a keɓe wuraren nan ba, da yanzu ba abin da za a nuna a talabijin. Amma kowane gandun daji yana da maƙwabta, akwai kuma wanda ya biya kuɗinsa da gonarsa ko da makiyayarsa. Mai kallo daga birni yana ganin giwa abar sha'awa ce. Manomin da ta shiga masa dawa da dare ba haka yake ganinta ba.

Tafiya Yankari

Amsar tambayar yarinyar nan ita ce, an ba mu. A watan Maris na 2010 na raka 'yan makaranta zuwa Yankari, a ƙasar Alkaleri ta jihar Bauci. Mun tashi Katsina da asuba, muka bi ta Kano, muka kwana Bauci. Da safe muka kama hanyar Gombe, a Dindima muka karya dama, har ƙofar gandun a Mainamaji. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai tafiyar kilomita 40 da ɗoriya, duk cikin daji. A nan yaran Katsina suka fara yin shiru. Ba su taɓa tafiyar rabin awa a mota ba tare da sun ga gona, ko akuya, ko baƙar leda a reshe ba.

An keɓe Yankari a 1956, zamanin Jihar Arewa, aka buɗe wa masu ziyara ran 1 ga Disamba 1962. A 1991 ya zama gandun daji na ƙasa, a 2006 kuma ya koma hannun gwamnatin jihar Bauci. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa, shi ne kuwa ran wurin. Da rani, in ruwa ya ƙafe a ko'ina, dole kowace dabba ta gangaro Gaji. Shi ya sa aka fi son zuwa daga Fabrairu zuwa Afrilu, ko da yake zafi sai mai haƙuri.

A masauki waɗanda suka tarye mu su ne gwaggon biri da mugun dawa. Mugun dawa ba ruwansa da kowa, ya durƙusa a gwiwa yana tonon saiwa kamar mai roƙon gafara. Gwaggon biri kuwa ɓarawo ne da rana tsaka. Kafin mu gama sauke kaya wani ƙato ya shiga mota ya fita da burodin mutum shida, ya hau rufin ɗaki ya zauna yana ci yana dubanmu. A ƙasan masaukin akwai maɓuɓɓugar Wikki, ruwa garau yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Yaran da suka saba da ruwan kududdufi suka ga yatsun ƙafarsu a ƙasan ruwa, suka ƙi fita.

Da la'asar aka ɗauke mu a buɗaɗɗiyar mota muka bi gefen Gaji. Mun ga gwambaza tsaye cikin fadama, mun ga mazo ya gilma, mun ga garken ɓauna ƙura ta rufe su, ga kada ya buɗe baki a kan yashi. Giwa kuwa shiru. Awa biyu muna yawo, sai kashinta muke gani, da itatuwan da ta kakkarye. Wannan shi ne bambancin daji da talabijin. A talabijin an yanke jira an zubar, abin da mai ɗaukar hoto ya yi wata da watanni yana fako, kai za ka gani kafin shayinka ya huce. A daji sai ka jira, ƙudan tsando yana cizonka, mai yiwuwa ne kuma ka koma ba ka ga kome ba.

Rana ta kusa faɗuwa sai mai yi mana jagora ya ɗaga hannu, direba ya kashe mota. Wari muka fara ji, kamar na turken shanu amma ya fi ƙarfi. Sa'an nan muka ji ƙarar reshe ya karye, da wani gurnani can ƙasa ƙasa wanda mutum yake ji a ƙirjinsa kafin kunnensa. Sai ga su sun fito za su ƙetare hanya, manya a gaba da baya, ƙanana a tsakiya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, duk girman nan ba a jin takunsu. Wata babba ta tsaya ta juyo, ta baza kunnuwa, ta dube mu har sai da na ƙarshe ya wuce. Yaron da ya fi kowa surutu a makarantarmu na ji ya riƙe mini hannun riga. Lalle gani ya kori ji.

A hanyar komowa na zauna kusa da jagoran. Mutumin ƙauyukan gefen gandun ne, mahaifinsa maharbi. Ya ce giwayen da muka yi ta murna da su, da kaka sukan fita gandu su shiga gonaki, abin da mutum ya yi wata biyar yana wahala a kai su share shi kafin gari ya waye. Na ce, “To, kai da kake tsaronsu, me 'yan'uwanka suke ce maka?” Ya yi dariya ya ce, “Malam, ran da aka biya ni albashi ɗan'uwa nake. Ran da giwa ta shiga gona kuwa, sai a ce shanunka sun yi ɓarna.”

Masu sanin wurin suna ƙiyasta giwayen da suka rage a Yankari tsakanin 100 da 150, alhali a dā sun ninka haka, masu neman haure ne suka rage su. Duk da haka suna cikin manyan garkunan da suka saura a Nijeriya. Daga 2014 wata ƙungiyar kare namun daji mai suna WCS ta haɗa hannu da gwamnatin Bauci. Aka ƙarfafa sintiri, aka ɗaura wa waɗansu giwaye na'ura a wuya don a san inda garke ya nufa, aka kuma ɗauki mutane a ƙauyukan gefe su riƙa ba da labari in giwa ta doso gonaki. Kisan giwa ya ragu ƙwarai. Zaki kuwa labarinsa ya fi muni. Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna zakokin da suka rage a Afirka ta Yamma duka ba su wuce kimanin 400 ba, a Nijeriya kuma wuri biyu kaɗai aka same su, Yankari da gandun tafkin Kainji. Raƙumin dawa ya riga ya ƙare mana. Waɗanda ake gani a gandun Sumu kusa da Bauci, daga Namibiya aka kawo su a 2006.

Daji marar mai shi

Mu dawo gida. Kudu da mu, a ƙasar Birnin Gwari, akwai gandun Kamuku. Tun 1936 hukumar En'e ta keɓe shi, a 1999 ya zama gandun daji na ƙasa. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandaye 10, a cikinsu har da Falgore ta Kano, da fadamun Haɗeja, da dajin Kogo na jiharmu, can wajen Faskari. Watau a takarda Katsina ma ta sami nata. Amma a cikin wannan lokaci, daren 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara suka kora su cikin daji da ƙafa, sai bayan kwana 6 aka sako su. Ban san wani uba a Katsina da ya ji sunan Kogo, ko Rugu, ko Kamuku ya tuna da barewa ba. Abin da yake tunawa shi ne kuɗin fansa.

Yadda abin ya kai haka magana ce mai tsawo, kowa kuma da inda yake ɗora laifi. Ni abin da na lura shi ne wannan. An shata dazuzzukan nan an ce na gwamnati ne. An yi dokar makiyaya a 1965, an keɓe wa masu shanu wurin kiwo a wajen Ruma da Runka. Daga baya sai kulawa ta yi sanyi, malamin daji ba abin hawa, madatsun ruwa suka cike da yashi, masu hali suka yanki gonaki, burtali ya toshe. Manomi yana ganin dajin ba nasa ba ne, tun da in ya sari sanda za a ci shi tara. Makiyayi yana ganin an ƙwace masa. Abin da ba mai shi kuwa, mai bindiga ne yake gajensa. A zamanin Bart rashin zaman lafiya ya kori mutane, namun daji suka samu sarari. Na yanzu ya kori mutane, namun dajin ma bai bar su ba, gama masu zama a ciki nama suke ci, itacen kuma yana fitowa a buhu.

Don haka da na ji mai ba da labari yana yabon ƙasashen da suka shata layi a taswira suka ce nan na dabbobi ne, sai na ce a raina, mu ma mun shata. Layi ba ya tsare daji in mutanen da ke kwana a gefensa ba su ga rabonsu a ciki ba.

Ƙetaren iyaka

Abin da ya hana ni fid da zuciya yana arewa da mu, a wurin da ya fi mu ƙarancin ruwan sama. A ƙasar Nijar, wajen garin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, nan ne sauran raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage. Ba a cikin gandu suke ba, ba shinge, ba ƙofa. A cikin gonakin gero suke yawo, suna cin ganyen gawo, suna kuma satar wake da mangwaro. Gwamnati ta hana kashe su, ƙungiyoyi suka taimaki ƙauyukan da rijiyoyi da rance, samari suka sami aikin yi wa baƙi jagora. Kafin shekara 25 suka haura 600. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗebi 8 a mota aka kai su gandun Gadabeji, arewa da Dakwaro a jihar Maraɗi, inda irinsu suka ɓace tun shekarun fari na 1970. Gadabeji ta fi Yankari kusa da Ƙofar Guga. Sai dai can ma masifar ba ta ƙyale su ba. Ran 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure, Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, ɗaya daga cikinsu shugaban masu jagora ne. Baƙi suka ɗauke ƙafa.

Na biyun ya fi kusa, ya kuma fi shafar kowane gida mai gona. Wani ɗan mishan na SIM mutumin Ostareliya, Toni Rinaudo, ya zo Nijar a 1981, ya zauna Maraɗi yana aikin dashen itatuwa. Yawancin abin da aka dasa mutuwa yake yi, rana ta ƙone, awaki su cinye. A 1983 ya lura da 'yan tsire-tsiren da manoma suke sassabewa kowace bazara su ƙone. Ashe ba ciyawa ba ce, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai ga laima. Ba dashe ake bukata ba, gyara ne. Mutanen can suka sa wa abin suna sassabin zamani.

Yadda ake yi ba wuya. In ka zo sassabe, kada ka share kome. Ka dubi kututture mai toho, ko kalgo ne, ko sabara, ko magarya, ko aduwa, ko gawo. Ka zaɓi rassa mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ka sare sauran da wuƙa mai kaifi, kana yin sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Waɗanda ka bari ka rage musu ƙananan rassa har zuwa rabin tsayinsu. Ka ɗaura tsumma don a san da mai shi, ka tsare su daga wuta da bakin akuya. Bayan 'yan watanni ka koma ka sāke gyarawa. Abin da ka sare na murhu ne. Da fari an yi wa masu yi dariya, ana ce musu masu ƙazamar gona. Yunwar 1984 ce ta sa da yawa suka gwada, domin an haɗa aikin da rabon abinci, da aka daina rabo kuma da yawa suka sāke sarewa. Amma waɗanda suka bari suka ga iska ta daina binne musu shuka, ga itacen girki a gona, ga abincin dabbobi da rani. Gawo kuwa kowa ya san halinsa, da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, amfanin da ke gindinsa ya fi na fili.

Abin da ya ba aikin ƙarfi shi ne, a hankali hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, ba na malamin daji ba. Bayan shekara 20 hotunan da aka ɗauka daga sama suka nuna itatuwa sun komo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman jihohin Maraɗi da Damagaram, kimanin itatuwa miliyan 200. Wannan ya ninka faɗin jihar Katsina sau biyu, ya kuma ninka Tsabo fiye da haka. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin saboda wannan aiki. Ba za a kai masu ɗaukar hoto can su yi fakon zaki ba, gama babu, sassabin zamani kuwa ba zai komo da shi ba. Giwa da zaki sai babban daji da masu tsaro da gwamnati mai tsayawa a kan maganarta. Amma zomo, da fakara, da zabon daji, da bushiya, ba su bukatar fiye da inuwa da wurin ɓuya.

Makarantarmu tana da 'yar gona a bayan gari. Bazarar da ta wuce, kafin a sa wuta, na fita da 'yan aji shida muka zagaya muna neman kututture. Muka sami 14, yawanci kalgo da sabara, da magarya biyu, da gawo ɗaya ɗan ƙarami. Kowane yaro biyu suka ɗauki ɗaya, suka rubuta sunan itacen da Hausa a guntun kwano suka rataya. Mai yi mana noma ya yi ta gunaguni, ya ce za mu tara masa tsuntsaye su cinye gero. Awaki sun ci uku, wani kuma ya sare magarya ɗaya ya yi shinge da ita. Gawon yana nan, ya kai ƙugun yaro. Yaran da ke kula da shi sun zo mini da wata fata da maciji ya saɓule a gindinsa, suna gardama ko ta kasa ce ko ta kububuwa. Na aike su wurin dattijon nan na Batsari ya raba musu.